Hatimin Allah a Littafin Kirista: Alamar Mallaka Ce, Ba Laya Ba

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wani mai sauraronmu daga Gadarif, nan ƙasar Sudan, ya aiko da tambaya. Ya ce akwai wani abokin cinikinsa Bakibɗe, wato Kirista ɗan asalin Masar, da ke da ɗan zanen gicciye a wuyan hannun dama, kuma ya sha jin Kiristoci na cewa Allah ya buga wa masu bi hatimi. To ko wannan zanen ne hatimin? A'a, Malam, ba shi ba ne. Zanen tsohuwar al'adar Kibɗawa ce, za ka gan ta a Masar, ka gan ta a Omdurman da Atbara, kuma ɗan Adam ne ke yin sa da allura. Abin da littafinsu ke nufi dabam yake. Tunda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cuɗa mu da su a makarantu da sansanonin gudun hijira, bai kamata a ce muna shan ruwan rijiya ɗaya ba mu san abin da maƙwabci ya yi imani da shi ba.

A zamanin da aka rubuta waɗannan littattafai, hatimi zobe ne ko ɗan dutse sassaƙaƙƙe da ake dannawa a kan ɗanyen yumɓu ko kaki. Wanda ya riƙe shi ya riƙe ikon mai shi. Shi ya sa da Fir'auna ya naɗa Yusufu, sai ya zare zobensa ya sa masa. A Littafin Esta an ce takardar da aka rufe da zoben sarkin Farisa ba ta warwaruwa, ko shi sarkin bai isa ya soke ta ba. Kuma da hatimin mijinta sarki Ahab ne Yezebel ta rubuta wasiƙun da suka sa aka jefe Nabot saboda gonarsa ta inabi. Hatimi dai na cewa abu biyu: wannan nawa ne, kuma maganar ta zauna.

Bulus, manzon Kirista da wasiƙunsa ke cikin littafinsu, ya ɗauki wannan ya ɗora a kan mutum. A wasiƙarsa ga Afisawa, sura 1, aya 13 da 14, ya ce wa mutanen birnin Afisa, wanda kufansa ke ƙasar Turkiyya a yau, da suka ji bishara suka ba da gaskiya, an hatimce su da Ruhu Mai Tsarki. Ya maimaita a wasiƙa ta biyu ga Korantiyawa, sura 1, aya 22. A wurare biyun ya haɗa hatimin da kafin alƙalami, wato Ruhun da ke zuciyar mai bi somin-taɓi ne na gādon da za a cika masa daga baya. Ɗan kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ka ba da kafin alƙalami a kan buhunan riɗi, aka rubuta sunanka a jikinsu, sun zama naka tun suna sito. Amma sunan ba zai hana a jefa su bayan mota ba, ba zai hana su shan rana da ƙura har Port Sudan ba. Abin da yake hanawa shi ne wani ya ce nasa ne.

Nan ne nake ganin mutane da yawa ke kuskure, har da wasu masu wa'azin Kirista da ke tallar hatimin kamar layar tsari, suna cewa mai shi harsashi ba ya kama shi, talauci ba ya kusantar gidansa. Wanda ya rubuta maganar ai bai samu haka ba. A cikin wasiƙar nan ta Korantiyawa, sura 11, Bulus ya lissafa da bakinsa: sau biyar ana yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku jirgin ruwa na fashewa da shi, an jejjefe shi, ya kwana da yunwa. Wasiƙar Afisawa kuwa, a cikinta yake kiran kansa jakada a cikin sarƙa.

Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe a cikin Littafin Kirista, shi ne ya fi jawo surutu. Yawancin masana na ganin an rubuta shi wajen shekara ta 95, lokacin sarkin Rum Domitiyan, marubucin yana tsibirin Batmusa. A sura 7 mala'iku huɗu na riƙe da iskoki huɗu, sai aka ce musu kada su taɓa ƙasa ko teku ko itatuwa sai an buga wa bayin Allah hatimi a goshi. Aka ƙirga 144,000, wato 12,000 daga kowace kabila goma sha biyu ta Isra'ila. A sura 9 aka saki fara da aka hana cin ciyawa, aka ce mutanen da ba su da hatimin kaɗai za ta azabtar. Abin mamaki ga duk manomin da ya san fara! To ka ga akwai tsari, amma tsari ne daga hukuncin Allah. Takobin mutum kuwa bai bar su ba, domin a littafin nan ne aka nuna rayukan waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna tambaya sai yaushe za a bi musu haƙƙi.

Kishiyar wannan ita ce alamar wata muguwar dabba da aka ambata a sura 13, mai lamba 666, wadda in ba ka da ita a hannu ko goshi ba ka saye ba ka sayarwa. An laƙaba ta ga katin banki, an laƙaba ta ga allurar rigakafi, kowane zamani da abin da yake tsoro. Ban ga amfanin ɓata lokacinku a kai ba.

Su kansu Kiristocin ba bakinsu ɗaya ba. Katolika da Kibɗawa na ɗaure hatimin da baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, da shafewar mai, har firist na Kibɗawa kan shafa wa wanda aka yi wa baftisma tsarkakakken mai da suke kira mairun a wurare 36 na jikinsa. Yawancin Furotesta na cewa yana samuwa ne tun sa'ar da mutum ya ba da gaskiya. 'Yan Adibantis na danganta shi da kiyaye ranar Asabar. Shaidun Jehobah sun ɗauki 144,000 ɗin a matsayin adadin masu zuwa sama, wasu kuma na kallon lambar a matsayin misalin jama'ar Allah baki ɗaya. Amma duk sun yarda ido ba ya ganin sa. Wasiƙa ta biyu ga Timoti, sura 2, aya 19, ta ce rubutu biyu ne a jikinsa: Ubangiji ya san nasa, kuma duk mai kiran sunan Ubangiji ya rabu da mugunta. Na farkon ya ƙwace hukunci daga hannun mutane. Mu Hausawan Sudan da muka ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 mun san abin da ke biyowa baya in mutane suka fara tantance wane ne namu ta hanyar kallon fuska da jin harshe.

Tushen hoton na Yahaya yana cikin littafin annabi Ezekiyel, sura 9, gab da Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. An aiki wani mai tufafin lilin, da tawada a ɗamararsa, ya ratsa birnin yana sa alama a goshi. Ba a ce ya duba zuri'a ko muƙami ba. Waɗanda ke nishi da kuka saboda ƙazantar da ake aikatawa a garin, su aka ce ya yi wa alama. Sauran aka ce a hallaka su, a kuma fara daga Haikali, wato babban ɗakin ibadar birnin. Aka kuwa fara da dattawan da ke gaban ɗakin.