Gyaran kumbo daga nisan kilomita biliyan 24

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk makanikin da ka kai wa mota, abin da zai fara ce maka shi ne, buɗe bonet mu gani. To, sharhinmu na yau a kan wasu masu gyara ne da ba su da bonet ɗin buɗewa, domin abin da suke gyarawa ya yi musu nisan fiye da kilomita biliyan 24.

Kumbon Voyager 1 ke nan, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba ranar 5 ga Satumba 1977 don ya leƙo duniyoyin Jupiter da Saturn. Ya kammala wannan aiki tun 1980, ya ci gaba da nausawa. A Nuwamban 2023 sai tsohon ya fara sambatu: saƙo na isowa, amma ba kai ba gindi.

Ku dubi halin da injiniyoyin cibiyar JPL ta NASA da ke Kalifoniya suka shiga. A lokacin, umarni kan yi awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka. Wato ka yi tambaya Litinin da safe, sai Laraba za ka ji abin da ya ce. Waɗanda suka ƙera shi kuwa da yawa sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Dole aka koma tonon tsofaffin takardu.

Bayan watanni aka gano cutar. Wani ɗan guntu a ƙwaƙwalwar ɗaya daga cikin kwamfutocinsa uku ne ya mutu, ya tafi da kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar. Ba halin musanya shi, kuma babu wuri guda da zai ɗauke abin da ke cikinsa. Sai suka yi irin ta wanda ɗakinsa ya rushe da damina: suka rarraba kayan a ɗakunan maƙwabta, suka gyara adireshin kowane ƙunshi don kada wani ya ɓace. Ni dai haƙurinsu ya fi burge ni a kan wayonsu, domin kuskure ɗaya na iya rufe bakin kumbon har abada.

Ranar 18 ga Afrilu 2024 suka tura gyaran. Ranar 20 ga wata Voyager 1 ya yi magana mai ma'ana, karon farko cikin wata biyar.

Sai dai tsufa ba ya jin magani. Lantarkin da kumbon ke samu daga sinadarin fulutoniyam na raguwa da kusan wat 4 duk shekara, shi ya sa yanzu injiniyoyin ke kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya, don sauran su ƙara kwana.