Asabar da Lahadi a birnin Kano: yadda za ku tsara zagayen

Assalamu alaikum. Yawancinmu mutanen karkarar Kano da Jigawa ba ma shiga birni sai da dalili: dubiya a Asibitin Murtala, sayayyar lefe a Kantin Kwari, ko ta'aziyya. Mota ta wuce da mu ta gindin ganuwa, mu hango Dala ta taga, kafin magariba mun koma gida. Wannan bayani na wanda ya ware Asabar da Lahadi ne domin ya ga garin, shi da iyalinsa. Abu biyu ne za su tsara muku tafiyar: zafin rana, da kusancin wuraren da juna.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akwai sarari, akwai ɗan abin hannu, rana kuma ba ta da kaifi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yawo da yara a cikin gari wahala ne. Da damina kuwa lungunan kasuwa caɓi ne.

Kafin ku sa rana, ku duba kalanda. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana tsayar da zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Wanda ya yi sammako daga Ringim ko Gaya a wannan rana zai ƙare sanyin safiyar a bakin shinge, alhali wannan sanyin ake bukata.

Inda za a sauke ku ya danganta da hanyarku. Mutanen Haɗeja, Gumel da Ringim sukan shigo ta Yankaba. Na Dutse, Birnin Kudu da Wudil ta titin Maiduguri zuwa Unguwa Uku. Na Kazaure, Dambatta da Bichi ta Ƙofar Ruwa, na Gwarzo da Ƙaraye kuma ta Kabuga. An hana acaɓa a cikin birni tun 2013, saboda haka adaidaita sahu ce abin hawa. Idan kun kai huɗu, ku yi shata, ku gama ciniki kafin ku zauna, ku kuma faɗi sunan wurin da unguwarsa. Tun 2022 akwai dokar da ta hana adaidaita aiki daga goma na dare zuwa shida na safe, don haka kada hira ta riƙe ku nesa da masauki. Idan gidan ɗan'uwa za ku sauka, ku sanar da shi tun tsakiyar mako, ku roƙe shi ya tambayo muku lokacin buɗe gidajen tarihi a ƙarshen mako. Tsarabar wake, ƙwan zabi ko man shanu tana da daraja a birni fiye da yadda kuke zato.

Ku fara da Dala, da zarar kun ajiye kaya. Akwai matakalan da ake hawa dutsen. Kafin tara na safe yaro ɗan shekara bakwai zai hau ba tare da an ɗauke shi ba. Bayan sha ɗaya dutsen ya ɗau zafi, babu inuwa a sama. Ku riƙe ruwa, ku sa takalmin da ba ya santsi, a riƙe hannun yara a saman domin akwai gefen da ba shi da kariya. A nan Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci, kuma masu haƙar tarihi sun samu shaidar narka tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Daga sama ku nemi abu biyu: Goron Dutse ta yamma, da koriyar ƙubbar Masallacin Juma'a da hasumiyoyinta ta kudu maso gabas. Wannan ƙubba ita ce alamarku ta ranar, domin duk inda za ku je yau kusa da ita yake. In hazo ya sauka sosai ba za ku ga nesa ba, sai ku ɗage hawan zuwa safiyar Lahadi.

Kuna saukowa, Gwammaja na kusa. A can Gidan Mambayya yake, gidan Malam Aminu Kano, inda aka binne shi a 1983. Yanzu yana hannun Jami'ar Bayero.

Daga nan sai Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, lokacin da ayarin raƙuma ke kawo gishiri da kayan Arewacin Afirka su koma da fata da baƙin yadi. Kasuwar layi-layi ce, kuma wanda bai san haka ba sai ya yi ta zagaye wuri guda. Ku tambayi layin da kuke so da sunansa: dukawa, 'yan sirdi, 'yan littafi, 'yan turare, 'yan koli. Lungunan ƙanana ne, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, ga masu kura suna neman hanya, saboda haka yaro ya tafi a gaba, babba a bayansa.

Wajen dukawa ya kamata ku daɗe. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ita ce ta ƙetare sahara har Turai suka san ta da fatar Maroko. Idan za ku sayi takalmi, jaka ko titimi, ku juya cikinsa. Fata ta gaske tana da gashi-gashi ta ciki da warin jima. Roba kuwa yadi ne manne a bayanta. Ku buɗe bakin ɗinkin da yatsa: abin da aka ɗinke da zare zai yi shekaru, wanda aka liƙe da gam zai ɓalle a damina ta farko. Ciniki a Kurmi na natsuwa ne. Mai kaya ya sa suna, ku taya, ya ce albarka, ku ƙara kaɗan. In kun taya aka sallama, to ku biya, ba a tayawa don wasa. Wanda ya tare ku a bakin kasuwa ya ce zai kai ku inda ya fi sauƙi, ku sani la'adarsa tana cikin kuɗin da za a faɗa muku. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin tiransifa kan maƙale idan sabis ya yi rauni. Waya ta zauna a aljihun gaba, ba a hannu ba.

Abincin rana bai wuce gurasa ba, tunda kuna dab da Jakara, unguwar da ta yi suna da ita. Bandashe ake jiƙawa da ɗan ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, albasa da tumatir. Ku ce a rage yaji a na yara. Azahar kuma a Masallacin Juma'a na cikin gari. Ginin da ke tsaye yanzu an kammala shi a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Tsakar rana ta gidan tarihi ce, domin ginin ƙasa yana riƙe sanyi. Ku zagayo ta Ƙofar Kudu, babbar mashigar Gidan Rumfa. Fada gidan zama ne da wurin aiki, ba a shiga sai da izini, kuma a tambayi dogarai kafin a ɗaga waya. Gidan Makama yana nan kusa ƙwarai, ana zuwa da ƙafa. An gina shi ne domin Rumfa tun yana Makama, yau kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da shi. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ku nemi mai zagayawa da baƙi, domin kallon kaya ba bayani rabin ziyara ce. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, sulke da lifidi, kayan sana'o'i, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Amma ku ɗaga kai ku dubi rufin. Azara ce aka jera aka lanƙwasa ta zama bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti, tana ɗauke da nauyin ƙasa. Duk wanda ya taɓa yaɓen soro kafin damina zai gane girman aikin maginan nan, kuma abin takaici ne yadda masu iya shi ke ƙarewa a garuruwanmu.

Da la'asar ku nufi Marinar Ƙofar Mata, wadda tarihinta ya kai 1498. Karofan sun haura ɗari, wasu zurfinsu kusan mita shida, sai dai kaɗan ne ke aiki, sauran ƙasa da shara sun cike su. Abin da ake zubawa uku ne a cikin ruwa: baba, toka da katsi, wato laka ta tsohon rini da aka busar aka ƙona. Ana barinsa makonni yana ruɓa, ana motsawa, har kumfa ta taso. Ku tsaya ku kalli tsoma ɗaya. Yadin yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi a gaban idonku. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa: yawan tsomi ke kawo duhun launi, daga shuɗi mai haske har baƙi. Zanen da ke jiki kuwa mata ne ke ɗaure shi da zare a cikin gida kafin a kawo. Ku ce a kai ku wajen mabuga, inda ake dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi. Irin wannan aikin ne ya ɗaga sunan garin Kura wajen Buzaye. Idan za ku saya, ku tambaya kai tsaye ko rinin baba ne ko na zamani, domin duka ana sayarwa. Na baba zai shafa muku launi a hannu da farko. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Ku riƙe yara sosai, bakin karofi ba shi da shinge. Ku yi sallama kafin hoto, ku kuma yi wa marinin da ya bar aikinsa ya yi muku bayani alheri.

Kwari na kusa da nan, amma kada ku haɗa ta da wannan rana. Cunkosonta kaɗai ya ishe mutum gajiya.

Lahadi ta yara ce. Gidan Zoo na Audu Baƙo yana kan titin Zoo Road, kuma da safe dabbobi suka fi motsi, rana na yi sai su kwanta. Kada a miƙa hannu cikin keji, kada a jefa abinci. In lokaci ya rage kuma an tabbatar muku a buɗe yake, ku biya Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. A hanya ku roƙi mai adaidaita ya bi da ku ta Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya ku ga abin da ya saura na ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a ƙarni na 12. Ruwan sama, masu ɗibar ƙasa da masu gini sun cinye da yawa daga cikinta.

Tsarabar komawa ku saya tun daren Asabar ko da hantsin Lahadi: kilishi a Agadasawa, alkaki da dubulan wajen masu yi a cikin gari. Shaguna da yawa a Sabon Gari ba sa buɗewa ran Lahadi. Ku isa tasha da an idar da azahar, domin motar da ta cika da la'asar dare zai yi mata a hanya, musamman masu zuwa Haɗeja da Gumel, kuma motocin ƙauye da ake canzawa a mahaɗa suna ƙarewa da faɗuwar rana.