Daga Kan Madatsar Maga: Shinkafar da Aka Samu da Fadamar da Aka Rasa

Assalamu alaikum, masu kallo. Inda nake tsaye yanzu shi ne kan madatsar ruwa ta Maga, a Lardin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, kimanin kilomita 80 gabas da birnin Marwa. Idan na juya kyamara kudu za ku ga ruwa iyakar ganin ido, da kwale-kwalen masunta, kuma in kun lura da kyau za ku hango kawunan dorina suna ɓullowa suna nutsewa. Idan na juya ta arewa kuma, gonakin shinkafa ne a jere, an yanka su fage-fage, magudanan ruwa suna ratsa tsakaninsu. Wannan tudun ƙasa da nake takawa an gina shi ne a 1979, tsawonsa ya kai kilomita 27, kuma tafkin da ya tara a bayansa yakan mamaye kusan murabba'in kilomita 400 idan ya cika.

Duk wanda ya tsaya a nan zai ce aiki ya yi kyau, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Amma abin da ya kawo ni yana can arewa da waɗannan gonaki, inda kyamarata ba za ta iya kaiwa daga nan ba, wato fadamar da ake kira Waza-Logon, wadda Fulanin wannan yanki suke kira yayre.

Kogin Logon yana samun ruwansa ne daga tuddan da ke kudu, inda damina take da ƙarfi, sannan ya gangaro arewa yana raba Kamaru da Cadi har ya haɗu da kogin Shari a tsakanin Kuseri da Injamena, daga can su zuba a Tafkin Cadi. A watannin Satumba da Oktoba kogin yakan cika ya tumbatsa, kuma da yake ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ga ta laka mai riƙe ruwa, sai ambaliyar ta bazu a hankali bisa dubban murabba'in kilomita. Ga koguna irin su Mayo Tsanaga da Mayo Bula da suke gangarowa daga wajen duwatsun Mandara suna ƙara nasu. A wajenmu ambaliya kalmar masifa ce, amma a yayre ita ce damina ta biyu, domin rayuwar shekara gaba ɗaya a kanta take tafiya. Kifi yakan bi ruwa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma a wurin da abinci ya wadata, kuma idan ruwa ya fara janyewa wajen Nuwamba da Disamba sai ya kama hanyar komawa kogi, inda masunta Kotoko da Musgum suke jiransa. Bayansu sai Fulani da Larabawan Shuwa su shigo da garkunansu, wasu daga Nijeriya da Nijar ma, domin ciyawar fadama irin su roba da jema da shinkafar daji ba sa mutuwa da rani. Saiwarsu tana raye a cikin laka, kuma ko an yi ƙuna sai su sake tohowa kore shar a lokacin da babu ɗanyen haki a ko'ina. Fili guda ne, amma yakan ciyar da masunci da makiyayi da manomi, kowa da lokacinsa.

Injiniyoyin da suka tsara aikin Maga ba haka suka kalli wannan ruwa ba. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnati tana neman hanyar ciyar da jama'a ba tare da dogaro da ruwan sama ba, kuma ga hukumar noman shinkafa ta SEMRY da aka kafa a 1971 tana aiki a Yagwa. Sai aka faɗaɗa aikin zuwa Maga. Aka tare ruwan kogunan da ke zuwa daga duwatsu, aka haƙa mashigi da ke jawo ruwan Logon zuwa cikin tafkin, sannan aka ɗaga gaɓar kogin da tudun ƙasa mai tsawon kilomita da yawa don kada ambaliya ta shiga gonaki. Wannan tudu na gaɓa ya toshe bakunan ƙananan rafukan da suke ɗibar ruwa daga Logon su kai shi cikin fadama, kuma ɓarnarsa ba ta gaza ta madatsar kanta ba.

Ina so ku riƙe waɗannan alƙaluma tare da ni. Filin shinkafar da aka tanada a Maga kimanin hekta 6,000 ne, wato murabba'in kilomita 60. Filin da ambaliya ta daina kaiwa ko ta ragu a kansa kuwa, ƙiyasin masu bincike ya kama daga kusan murabba'in kilomita 1,000 zuwa 1,500. Adalci ne a ce ba madatsar kaɗai ta jawo haka ba, domin farin 1983 da 1984 ya rage ruwan Logon ƙwarai, amma fari yakan zo ya wuce, shi kuwa tudun ƙasa yana nan daram ko a shekarar da aka yi ruwa mai yawa.

Abin da ya fara sauyawa shi ne ciyawa. Da ƙasa ta yi shekaru ba ta kwana cikin ruwa ba, ciyawa mai daɗewa ta mutu, sai wata irin dawar daji mai rayuwar damina guda ta maye gurbinta, wadda da ta bushe sai kara, ba ta tohowa, kuma ba ta riƙe saniya har ƙarshen rani. Makiyaya suka kwashe dabbobinsu suka nufi inda ruwa yake kaiwa har yanzu, suka cunkushe a can. Kifi ya ragu saboda wurin haihuwarsa ya ƙanƙance, rijiyoyi da tafkunan da ambaliya take cikawa suka riƙa ƙafewa da wuri, kuma iyalai da dama suka bar ƙauyukansu. A gandun dajin Waza, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1968 kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,700, dabbar dajin nan dangin barewa da ake kira maraya ta faɗo daga kimanin 20,000 zuwa kusan 2,000 cikin 'yan shekaru, domin rashin ambaliya da fari da annobar cutar shanu ta bushiya sun haɗu mata a lokaci guda. Giwaye kuma suka ƙara yawan fita daga gandun suna neman ruwa da abinci, suna faɗa wa gonakin mutane. Daga baya ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta ƙiyasta asarar da mazauna fadamar suke yi a kan sama da dala miliyan 2 kowace shekara.

Jiya a kasuwar Pus, wani gari da ke bakin kogin Logon kusa da nan, na zauna a rumfar wani dattijo Bahaushe mai fataucin banda, wanda iyayensa suka zo nan tun kafin a haife shi. Yana jera tarwaɗa a cikin kwali, baƙa ƙirin, an lanƙwasa kowace an soke wutsiyarta a baki, yana ƙwanƙwasa ta da farce don ya ji ko ta bushe. Na ce masa, Baba, ai ga tafki an yi muku, kifi bai ƙare ba. Ya yi murmushi ya ce mini, yaro, kifin tafki na masu zama bakin tafki ne, wanda yake can cikin fadama kuwa ba a kai masa nasa gida ba. Maganarsa tana kan hanya. Tafkin Maga ya samar da kamun kifi na gaske, musamman karfasa, kuma shinkafar nan tana ciyar da dubban iyalai, har ana fitar da ita zuwa kasuwanninmu na Nijeriya. Sai dai ribar ta taru a wuri guda inda ake iya ƙirga buhuna a rubuta a takarda, asarar kuwa ta watsu a ƙauyuka da rugage, a cikin ƙwaryar nono da kwandon kifi da ba mai rubuta su. A ganina nan ne kuskuren lissafin yake, kuma shi ya sa aikin ya yi kama da nasara tsantsa ga wanda yake duba rahoto a Yawunde. Ita ma shinkafar ba ta tsira ba, domin a ƙarshen shekarun 1980 shinkafar Asiya mai araha da janye tallafin gwamnati sun durƙusar da aikin na tsawon lokaci, alhali ruwan yana tare, rana tana shan kaso mai yawa daga tafkin da ba shi da zurfi. Ga kuma tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da suke bin ruwan da yake kwance a magudanai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin wannan wuri ya faru ne a 1994. A ƙarƙashin shirin Waza-Logon, wanda gwamnatin Kamaru da IUCN suka gudanar da tallafin ƙasar Holan, an fasa tudun gaɓar a wuri guda aka buɗe wani rafi da ake kira Ƙaramin Goroma, wanda ya yi shekara 15 a toshe. Ba a rushe madatsa ba, ba a hana manomin shinkafa ruwa ba, amma ambaliya ta koma kan kusan murabba'in kilomita 200. A 1997 aka buɗe wani rafin na biyu. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai daɗewa ta fara ƙwace filinta, tsuntsayen ruwa suka ƙaru, kifi ya dawo, makiyaya suka komo da yawa har shanu suka fi namun daji cin moriyar sabuwar ciyawar, abin da masu kula da gandun ba su so ba. An tsara babban shiri na sakin ruwa fiye da haka, amma bai kai ga aiwatarwa ba. Kuɗi mai kauri sai bayan ambaliyar 2012 ya fito, lokacin da ruwa ya yi barazanar fasa madatsar, inda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 108 a 2013 don gyara ta da tudun gaɓar Logon.

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne, saboda haka babu abin da yake baƙo a gare ni cikin wannan labari. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, manoman Kura da Kadawa suka samu ruwan noman rani, mu kuma da ke ƙasa muka ga fadamar Haɗeja da Nguru tana ƙanƙancewa. Namu ya zo da wata fuska dabam, domin ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, tana ɓoye tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. A wajenmu ma masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin damina domin a kwaikwayi ambaliyar asali, kuma gwajin Ƙaramin Goroma hujja ce da masu wannan ra'ayi za su iya nunawa.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba, ko da yake magana ce mai nauyi. Da ruwa ya ragu, masunta sun ƙara yawan haƙa magudanai daga cikin fadama zuwa kogi, su kafa raga a bakinsu don tare kifin da ke komawa, har adadinsu ya kai dubbai. Waɗannan magudanai suna saurin zuƙe ruwan fadamar, kuma suna ratsa burtalin shanu, dabba ta faɗa ciki ta karye. A watan Agusta da kuma Disamba na 2021 rikici ya ɓarke tsakanin masunta da manoma Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa a yankin Logon-Birni, ya kai har Kuseri, aka rasa rayuka, dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa Cadi. Rikicin yana da dalilai da yawa da suka shafi fili da sarauta da siyasa, kuma ba zan ɗora shi a kan madatsar Maga ba, amma a kan ruwa da ramukan kifi wutar ta tashi.

In Allah ya kai mu, bidiyo na gaba daga Zina zan kawo muku shi, a tsakiyar fadamar, inda nake son ku ga waɗannan magudanai da idonku, mu kuma ji daga bakin masu haƙa su da masu shanun da suke tsallaka su. Waɗanda suke kallo daga Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ku rubuto mini yadda ruwa ya kasance a wajenku bana.