Hambledon: Ƙauyen da Ya Gyara Wasan Kurket

Jama'a masu kallo, filin nan da kuke gani a kan tudu sunansa Broadhalfpenny Down. Yana kudancin Ingila, a gundumar Hampshire, kimanin mil 2 daga ƙauyen Hambledon. Ƙasar wurin mai alli ce, ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, tumaki kuma suna cinye ciyawar har ta zama gajera. A zamanin da babu injin yankan ciyawa, abin da wasan kurket ke buƙata ke nan.

Ba a nan aka ƙirƙiro wasan ba. Tun a 1598 wani mutum mai suna John Derrick ya shaida wa kotu a garin Guildford cewa ya buga shi yana ɗan makaranta, wajajen 1550. A 1611 an ci tarar mutum biyu a ƙauyen Sidlesham saboda sun tafi kurket ranar Lahadi sun bar coci. Wasan manoma ne da yaransu. Abin da Hambledon ta yi shi ne gyara, kuma kusan kowane gyara wata matsala ce ta haife shi a fili.

Mu fara da yadda kayan wasan suke a dokokin 1744. Turaku su ne itatuwan da ake kafawa a gefe biyu na wurin jifa: mai jifa yana son ya doke su da ƙwallo don ya fitar da mai bugu, mai bugu kuma yana kare su da sanda. Tsakanin turakun wannan gefe da na wancan yadi 22 ne, wato kusan mita 20, daidai tsawon sarƙar da masu awon gona ke amfani da ita. Har yau ba a taɓa wannan awo ba. Turakun biyu ne kacal a kowane gefe, tsayinsu inci 22, an gitta ɗan itace mai inci 6 a kansu. Nauyin ƙwallo tsakanin giram 142 ne da 170. Mai jifa mirgino ƙwallon yake yi a ƙasa, shi ya sa sandar bugu take da lanƙwasa a ƙasanta kamar ta wasan hoki. Masu lissafi kuwa suna zaune a gefe da wuƙa da ɗan kara, duk gudu ɗaya, wato makin da mai bugu ke samu idan ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan, su yi tsaga ɗaya.

Wajajen 1760 masu jifa suka fara cilla ƙwallon a iska, ya dira a ƙasa sau ɗaya, ya yi tsalle. Nan take sanda mai lanƙwasa ta zama ba ta da amfani, domin ƙwallon da ya taso zuwa gwiwa ta samanta yake wucewa. Dole aka koma miƙaƙƙiyar sanda mai faffaɗar fuska, ana riƙe ta a tsaye. John Small na garin Petersfield, gwanin masu bugu na Hambledon, shi ya fi kowa ƙwarewa a wannan sabon salo, kuma da hannunsa yake sassaƙa sandunan yana sayarwa.

A daidai lokacin ne ƙungiyar kurket ta Hambledon ta yi ƙarfi. Masu kuɗi da manyan masu filaye su ke biyan kuɗin zama mamba, su kuma ɗauki nauyin 'yan wasa, waɗanda yawancinsu manoma ne da masu sana'ar hannu. Kyaftin ɗinsu Richard Nyren shi ke riƙe da masauƙin baƙi na Bat and Ball da ke bakin filin. Mu faɗi gaskiya, caca ce ta jawo manyan. Kuɗi masu yawa suke zubawa a kan wasa guda, kuma wanda ya zuba kuɗi ba zai yarda da doka mai ɓaraka ba.

Ɓarakar farko ta fito a Satumban 1771. Ana karawa da ƙungiyar Chertsey, sai ɗan wasanta Thomas White ya shigo da sanda mai faɗin turakun gaba ɗaya. Babu dokar da ta hana. Ya tsaya kawai ya toshe, ƙwallo ba shi da ta inda zai bi. Nyren da Small da mai jifa Thomas Brett suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, aka ƙayyade faɗin sanda a kan inci 4 da kwata, wato santimita 10.8. Dokokin 1774 suka tabbatar da haka. A cikinsu ne kuma aka fara hukunta mai bugun da ya sa ƙafa da gangan ya kare turaku.

Ta biyu ta fi ban haushi. A watan Mayun 1775, a filin Artillery da ke Landan, Lumpy Stevens, mai aikin lambu wanda ba a da kamarsa wajen saiti, yana jifan Small. Sau uku ƙwallonsa yana ratsawa ta tsakanin turakun biyu ba tare da ya taɓa komai ba. Ku duba lissafin: tazarar ta kai kusan inci 6, kaurin ƙwallo bai cika inci 3 ba. Ma'ana jifan da ya fi kowanne kyau, wanda ya bi tsakiya cif, shi ne ba ya fitar da kowa. Small ya tsira, ɓangarensa ya ci wasan, amma kowa ya ga an zalunci mai jifa. Daga nan aka ƙara turke na uku a tsakiya.

Ƙarfin ƙauyen ya kai ƙololuwa a 1777, lokacin da suka doke zaɓaɓɓun Ingila a Sevenoaks da ratar gudu 168, alhali su sau ɗaya suka yi bugu, abokan karawarsu sau biyu. James Aylward shi kaɗai ya yi 167.

A 1782 aka koma wani fili mai suna Windmill Down, kusa da gari. A 1787 aka kafa ƙungiyar Marylebone a filin Thomas Lord a Landan, masu kuɗin suka bi can, ikon yin doka ma ya bi su. Yaƙi da Faransa da ya ɓarke a 1793 ya ƙara raunana ƙungiyar Hambledon, zuwa 1796 tsohuwar ƙungiyar ta watse. A 1908 aka kafa dutsen tunawa a gefen Broadhalfpenny, kuma har yanzu ana buga wasa a filin. Faɗin sanda yana nan a inci 4 da kwata, sai dai a 2017 an ƙara ƙayyade kaurinta: milimita 67 a tsakiya, 40 a gefe, domin sanduna sun yi kauri har bugun kuskure ma yana tsallake iyakar fili.