Mabuɗi a Aljihu: Lacca kan Manyan da Ba Su da Wurin Kwana

Assalamu alaikum. 'Yan uwa maza da mata, na gode da kuka samu halarta.

Bari in fara da barci, don shi muka fi mantawa da shi. Wanda ke kwana a ƙarƙashin gada ko a bakin tasha, barcinsa rabi da rabi ne. Takalminsa yake matashi da shi, domin in ya ajiye a gefe, kafin asuba ya yi ƙafa. Gari bai gama wayewa ba an tashe shi, ko mai gadi ko ruwan sama. Sai neman inda zai kewaya, inda zai wanke fuska, inda zai sa waya caji, kayansa duka a bayansa. To, ku gaya mini, wa zai ɗauke shi aiki, ga bargo a kafaɗa, ba adireshi, katin shaida kuma an sace tuntuni?

Akwai gidajen kwana na gaggawa, kuma suna ceton rai, musamman lokacin sanyi. Amma galibi layi ake bi da yamma, da safe a ce kowa ya fita. Ɗaki ɗaya, gadaje birjik, ga tari, ga sata. Wasu ba sa karɓar miji da mata tare. Don haka in kun ga mutum ya gwammace titi, kada ku yi saurin cewa taurin kai ne. Sai gidajen wucin gadi, na wasu watanni, masu sharaɗi: ka bar shaye-shaye, ka riƙa shan magani, sannan a duba ko ka cancanci gida.

A nan nake da ja. Yaya za a ce mutum ya warke alhali bai san inda zai kwana gobe ba?

A 1992, a birnin New York, wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya juya tsarin: a fara ba mutum gida, magani da sauran taimako su biyo baya. Ƙasar Finland ta rungumi wannan daga 2008. Ta mayar da manyan gidajen kwana ɗakunan haya, kuma adadin marasa muhalli ya yi ta raguwa shekara da shekaru. Ba kyauta ba ce fa. Mutum yana sa hannu a takardar haya, yana biya, gwamnati na tallafa masa in bai da hali. Sai a miƙa masa mabuɗi. Ya shiga, ya kulle ƙofa, ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ya kwanta.