Yaƙi, Takunkumi da Haƙƙin Ma'aikaci: Laccar da Aka Gabatar wa Ƴan Ƙwadago a Tahoua

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ƴan uwa ma'aikata maza da mata, barkanmu da yamma.

Da yawa cikinmu suna ɗaukar siyasar waje aikin masu manyan riguna ne a Yamai, Abuja da Faris. To mu duba abin da ya faru. Ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A cikin watanni bakwai ɗin nan wa ya ji jiki? Ɗan dako na Birnin Konni da motoci suka daina zuwa masa. Mai walda da mai niƙa, da suka koma jiran wuta. Manomin albasa na Galmi, wanda kayansa ba sa jira, don albasa in ta daɗe a buhu cikin zafi ruɓewa take yi. Ko me mutum yake gani game da juyin mulkin, takunkumin da ya tare magani da abinci a kan iyaka talaka ya hukunta, kuma zalunci ne.

Yaƙi ma haka yake. Da aka ruguza Libiya a 2011, ƴan cin ranin Ader sun dawo hannu rabbana, wasu sun bar albashin watanni a hannun iyayen gidansu, makamai kuma suka bazu cikin Sahel. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tillia, a nan jiharmu. Duk inda aka hana hawa babur saboda tsaro, ɗan kabu-kabu ne yake fara kwana da yunwa, ba wanda ya tanadar masa wata sana'a.

Abin da na fi so mu tsaya a kai shi ne abin da ya faru a Akuta, kusa da Arlit. Kamfanin COMINAK ya haƙo yuraniyom tun 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikatansa na dindindin, wajen 600, an yi musu lissafin sallama. Ɗaruruwan da suka shiga rami ɗaya, suka shaƙi ƙura ɗaya, amma ta hannun ƴan kwangila, ba a sa su cikin wannan lissafin ba. Takarda ce ta raba su. Shi ya sa sauran maganata kan takarda take.

Dokar ƙwadago ta 2012 ta ƙayyade aiki awa 40 a mako. Abin da ya haura nan ƙarin lokaci ne, da kuɗinsa daban. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 (sefa 42,000) a farkon 2024. Ku raba jika 42 gida talatin: sefa 1,400 a yini, ga magidanci mai iyali. Bai isa ba, kuma duk da haka akwai masu gadi da ƴan aikin gida da ko wannan ba sa samu.

Sai asusun CNSS, wato asusun fansho da kare lafiyar ma'aikata, inda aka fi cutar mutane. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashinka, ubangida ya zuba kashi 16.4: kashi 8.4 na kuɗin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho. Mai albashin jika 60 za a cire masa sefa 3,150, ubangida ya ƙara 9,840. Ga inda matsalar take: wani ubangidan yana cirewa kowane wata amma ba ya kaiwa asusu. Wani kuma ya rubuta ka a kan jika 42 alhali jika 90 yake ba ka, sauran a hannu. Kai kana murna an rage cira, ba ka san fanshonka aka yanke ba, domin da abin da aka rubuta ake lissafi. Ba za ka gano ba sai ka kai shekara 60, lokacin wataƙila kamfanin ma babu shi. Saboda haka ka nemi lambarka ta CNSS tun watan farko, kuma sau ɗaya a shekara ka je ofishinsu da kanka ka ce a nuna maka watannin da aka zuba.

In an ji rauni a wurin aiki, ubangida yana da awa 48 ya kai rahoto. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba mutum jika biyar a ce ya je wurin mai ɗori, a rufe magana. Bayan wata shida hannu ya ƙi miƙewa, babu takardar likita, babu rahoto, babu diyya. Ka je likita ranar, ka karɓi takarda mai kwanan wata, ka riƙe sunayen mutum biyu da suka gani.

In an kore ka, kar ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, musamman wadda ta ce ka karɓi duk haƙƙinka. Ka nemi takardar kora da takardar shaidar aiki. Ka tattara takardun albashi, ka kai ƙara wurin sufeton ƙwadago, zai kira ku sulhu. In an daidaita a rubuta. In ba a daidaita ba ma a rubuta, da wannan za ka wuce kotun ƙwadago, inda shari'ar kyauta ce. Kar ka yi ta jiran alkawari, don bashin albashi yana da wa'adi, in ya wuce kotu ba ta saurare. Wanda bai da kwantiragi a rubuce bai rasa komai ba tukuna: saƙon waya, shaidar turo kuɗi, littafin sa hannu na safe da shaidun abokan aiki duk suna nuna akwai aiki tsakaninku.

Na san mafi yawan waɗanda ke zaune a nan ba su da ubangida mai ofis. Ƴan dako ne, magina, masu tallar abinci. Nan manyan ƙungiyoyinmu na ƙwadago irin su USTN da CDTN suke da babban giɓi, domin ƙarfinsu yana wurin ma'aikatan gwamnati. Sojojin Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka sun bar Agadez a 2024, an mayar da SOMAIR, kamfanin yuraniyom na Arlit, hannun ƙasa a 2025. Abin da ya kamata sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ta nema yanzu a fili yake: duk kwangilar ma'adinai ko man fetur da za a sa wa hannu, da ko wace ƙasa ce, a buga ta kowa ya gani, a rubuta a ciki cewa ma'aikacin ɗan kwangila yana da CNSS da kuɗin sallama daidai da na dindindin, kuma a ajiye kuɗin tun ranar buɗe rami.

Wanda ya zo da takardar albashinsa ya kawo ta gaba bayan sallar Magariba, mu duba lissafin tare.