Wa Zai Riƙe Ajin Ƙananan Yaranmu? Laccar da aka gabatar ga iyaye da malamai a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena maza da mata, 'yan'uwa matasa, na gode da kuka baro harkokinku kuka zo. Na bayan can, kuna ji na? To, madalla.

Maganata a yau a kan mutum ɗaya take: wanda muke miƙa wa yaro ɗan shekara 4 da safe mu juya mu tafi kasuwa. A makarantu da yawa na unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase har Sawaba, idan an tashi rabon azuzuwa, gogaggen malami sai a kai shi ajin masu jarrabawa. Ajin KG kuma, wato na ƙananan yara kafin firamare, a ce ai wasa da waƙa ne, kowa ma zai iya. A wasu makarantun kuɗi, yarinyar da ta gama sakandare jiya, yau ita ce madam. Ba laifinta ba ne, neman halali take yi. Amma an ɗora mata aikin da ya fi kowanne wuya a makarantar, ba tare da an koya mata ba.

Ku dubi abin da ke gabanta. Yaro ya shigo daga gidan da ake Hausa, ƙila yana tsintar Twi a bakin titi, Turanci kuwa sai abin da ya ji a talabijin. Da yamma yana zuwa makaranta wajen malam, ya saba ganin rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu. Sai a ba shi fensir, ya fara daga gefen dama na takarda. Wadda ba ta da horo za ta ce yaron ba ya ganewa, ƙila har da tsawa. Wadda aka horar kuma ta san zango, wato unguwanninmu na Hausawa, za ta gane cewa wannan yaro ya riga ya san babban abu: cewa zanen da ke kan allo sauti ne, ana karanta shi. Sai ta ɗiga masa alama a gefen hagu, ta ce daga nan namu na boko yake tashi. Wani yaron kuma fitsari ne ya matse shi, bai san yadda zai faɗa da harshen da madam ke ji ba, har ya saki a wando, aji ya yi dariya. Irin wannan yaro zai iya yin wata guda bai buɗe baki a aji ba.

Gwamnatin Ghana ta san da matsalar. Tun gyaran ilimi na 2007 aka shigar da shekara 2 na KG cikin karatun tushe. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa na 2015 ya nuna kimanin yara 2 ne kawai cikin 100 a aji 2 na firamare ke iya karatu sumul su kuma fahimci abin da suka karanta. A 2018 aka sauya tsarin kwalejojin horar da malamai guda 46 na gwamnati: difloma ta shekara 3 ta koma digiri na shekara 4, kowace kwaleji a ƙarƙashin wata jami'a, irin su Cape Coast da Winneba da KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha tamu ta nan Kumasi. A shekarar ce kuma aka fara jarrabawar lasisin koyarwa.

Abin da na fi so a sabon tsarin shi ne an ware ɓangare na musamman don ƙananan azuzuwa, daga KG zuwa aji 3. Ɗalibi yana koyon yadda yaro ke tsintar sautin harafi kafin sunansa, yadda ake ƙirga da marafan kwalba da tsakuwa kafin a rubuta lamba a allo, da yadda ake gane yaron da ba ya ji sosai ko ba ya hangen allo, wanda da sai a kira shi daƙiƙi. Kuma tun shekarar farko ana tura shi makaranta ya zauna yana kallon malami, sannu a hankali a ba shi 'yan yara kaɗan, daga ƙarshe ya riƙe aji. Iyayena mata masu ɗinki sun san wannan: ba a miƙa wa sabuwar 'yar koyo shadda, a kan takardar siminti take fara ɗora keke.

To amma ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Harsunan ƙasa da gwamnati ta amince a koyar a makarantu 11 ne, akwai Twi na Asante, da Ga, da Ewe, da Dagbani da sauransu. Babu Hausa a ciki. Ke nan kwaleji ba za ta shirya malami don yaron da ya tashi da Hausa ba, littattafan ajin ma ba da ita aka rubuta su ba. Neman a gyara wannan hakkinmu ne, kuma shugabanninmu su ci gaba da nema. Amma yaron da zai shiga KG bana ba zai jira ba. Hanyar da ke hannunmu ita ce malamin kansa ya zama ɗan gida, wanda zai sunkuya ya ce wa yaro "me ke damunka?" kafin ya koma Turanci.

Kwalejojin ba su yi mana nisa ba. Wesley College tana nan Kumasi tun 1924. St. Louis ta mata ce zalla, ga iyayen da ke ɗari-ɗarin tura 'ya mace. Al-Faruq da ke Wenchi ta Musulmi ce. Makarantunmu da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi suna buƙatar malamai masu lasisi, kuma idan namu ba su da takardar, dole a turo wasu.

Ku matasa maza, kada wani ya ce muku ajin yara aikin mata ne. Malamin da ya koya mana alif da ba, da haƙurinsa, ai namiji ne. Masu makarantun kuɗi kuma, yarinyar nan da ke riƙe muku KG, ku taimaka mata ta shiga karatun nesa na Cape Coast ko Winneba tana aiki tana karatu, ku daina cire mata kuɗi ranar da ta tafi lacca.

Wanda ɗansa ko 'yarsa ta gama sakandare, a duba sakamakon: don shiga kwalejin malamai ana neman kiredit a darussa 6, ciki har da Turanci da lissafi. Wanda ya faɗi ɗaya, ya sake zama jarrabawar, kada ya jefar da takardar. Idan an tashi, masu irin wannan yara su same ni a nan gaba da sakamakon, mu duba tare. Yanzu kuma, kafin a kira la'asar, Hajiya na ga hannunki a sama tun ɗazu. Bismillah.